Ɗaya Cikin Huɗu

Wata tara muka yi muna bin kogi,
ni da shanu ɗari biyu da ba nawa ba,
da ƙanena Tome, da alfadari mai ɗingishi,
da takarda a gafaka wadda ban iya karantawa ba.
An ce ta ce daga nan har dutsen can na Dom Baltazar ne.
Shi yana Bahiya, bakin teku, yana shan iska,
ƙayar Piyawi ba ta taɓa sanin ƙafarsa ba,
amma sarkin Fotugal ya ba shi, har da jan hatimi.

Inda saniya mai karyayyen ƙaho ta kwanta ta ƙi tashi,
nan muka kafa turke.
Tome ya ce, "Ta fi mu sanin wuri."
Muka sari itace, muka yaɓa laka, muka rufa da kaba.
Ƙofa fata, gado fata, guga fata,
riga da hula da wando duk fata,
har na fara jin warin ƙirgi a numfashina.

Sharaɗin ɗaya ne: in shekara biyar ta cika,
a kowane maruƙa huɗu, ɗaya nawa.
Da shi nake kwana, da shi nake tashi.
Duk haihuwa sai na ƙulla ƙulli a igiya,
tunda ni da tawada ba mu san juna ba.

Daji muka kira shi.
Ran da nake haƙa ramin shinge, sai na tarar da tukunya,
a ciki ƙashin yaro, a naɗe kamar mai jin sanyi,
da tsakiyar wuri a wuyansa.
Na mayar, na rufe. Ban gaya wa Tome ba.
Na ja shingen baya taku uku.
Taku uku. Iyakar adalcina ke nan.

A shekara ta uku sama ta rufe baki.
Ungulu suka yi ƙiba.
Tome ya bi bijimi cikin sarƙaƙiya, doki ya dawo shi kaɗai.
A lokacin ta zo,
ragowar mutanen da 'yan bindiga suka share kafin isowarmu.
Ba gaisuwa. Ta dubi shanun da haƙarƙari a waje,
ta taka busasshen rafi, ta buga diddige: nan.
Na haƙa gaba biyu, yashi ya jiƙe.
Ta babbake ƙayar ƙerana da wuta, shanu suka ci.
Ta tono saiwa mai ruwa a ciki kamar tulu.

Da fada ya biyo kan jaki, ya zuba mata ruwa a ka,
ya sa mata Inasiya.
Har yau in na kira, sai ta ga dama take juyowa.
Sunanta na fari ba ta ba ni ba.

Wakili ya zo da littafi da gumi a goshi.
Maruƙa arba'in da huɗu. Sha ɗaya nawa!
Na sa ƙarfe a wuta, hannuna na rawa,
hayaƙin gashi ya tashi, na ji kamar turare.
Tana tsaye da ciki, tana kallo.
Sai ta ce, da harshena, daram, ba gargada:
"Kai ɗaya cikin huɗu. Mu nawa cikin nawa?"
Na ci gaba da hura wuta.

Yanzu gwiwa ta ƙi sirdi.
Ɗanmu Firmino ya gyara igiyarsa, ya wasa wuƙa,
zai kora talatin yamma, bayan dutse,
inda, in ji shi, babu kowa.
Uwarsa ba ta ɗago daga gurzar rogo ba.

Na raka shi bakin shinge, wurin da ya karkace.
Na ce, "In kana haƙa ka ji ƙarar tukunya..."
Ya ce, "Sai me, Baba?"
Shanu sun riga sun yi gaba.
Na ce ya kula da mai jan kunnen, tana da ciki.